Lasilkin da Na Zaɓo a Kasuwar Sinnar

Ba zan taɓa mantawa da lasilkin nan mai launin lemo ba. Ko na so in manta, mutanen bakin ruwa a garinmu Mai Wurno, nan Sudan, ba za su bar ni ba.

A shekarar da yaƙi ya matso kusa da mu ne. An rufe makarantarmu, mutanen da suka gudo daga yankin Jazira suka cika azuzuwan, har na ga an shanya kayan jariri a tagar ajinmu. Shabaka, wato sabis ɗin waya, ta ɗauke, wayoyin hannu suka koma tocila. Yayana Bello shi ya gaji kwalekwalen inji na Baba bayan rasuwarsa, kuma da jigilar mutane da buhuna a kogi yake ciyar da ni da Inna. In ya fita da safe, ba mu da labarinsa sai mun ji tarinsa a ƙofar gida. Shi ya sa ya ce zai sayi lasilki biyu, wato rediyon oba-oba, irin na hannu da masu jiragen ruwa ke riƙewa, ɗaya a wurinsa, ɗaya a gida. Wasu abokan sana'arsa sun riga sun saya a wurin wani mutum da ya kawo su Sinnar daga Bor Sudan.

Ni ya ɗauka in raka shi, wai ni ce mai karanta Turancin jikin kwali. (Ya kamata ku san wadda aka ɗauka. Ni ce yarinyar da in malama ta kira sunanta, muryarta ke gangarawa cikin ciki. Na san takalman malamanmu duka, amma ban san kalar idon ko ɗaya ba.)

A shagon, mutumin ya baje mana iri uku a kan tebur. Yaya Bello ya ɗauki wani baƙi mai nauyi, ya jijjiga shi, ya ce wannan ya yi kama da na maza. Na ja hannun rigarsa, na raɗa masa cewa murfin robar da ke rufe wurin caji ya tsage, ruwa zai shiga. Na biyun maɓallansa ƙanana ne, na tuna yatsun Yaya masu kauri, kullum a jiƙe. Na ukun shi ne mai launin lemo. A kwalinsa aka rubuta cewa ba ya nutsewa, yana da igiyar ɗaurawa a hannu, kuma ana iya cajinsa da batirin kwalekwale.

“Ka ce ya gwada,” na raɗa.

“Ki faɗa da kanki mana, bakinki ciwo yake?”

Ban faɗa ba. Yaya ya faɗa da Larabci. Mutumin ya yi dariya, ya aro bokitin wata mai shayi, ya jefa shi ciki. Ya taso sama yana walƙiya da ɗan jan haske. Wallahi a ranar na ji kamar na zo ta ɗaya a jarrabawa.

Mutumin ya murɗa duka biyun zuwa lamba ɗaya, wadda ya ce babu hayaniya a kanta. Yaya ya fita neman leda. Sai mai shagon ya dube ni kai tsaye, ya ce, “Amma ya bitti, ɗiyata, ki sani wannan ba talifon ba ne, shi...”

Namiji baƙo yana kallon fuskata! Na sunkuyar da kai, na ce, “Na sani, na sani,” na bi Yaya da sauri. Ina iya gaya muku cewa silifas ɗin mutumin shuɗi ne, an ɗinke ɗaya da zaren buhu. Ƙarshen maganarsa kuwa ban ji ba. A hankalina an gama: an ba mu lamba, lambar tamu ce, kamar ta waya. A mota Yaya ya ce, “Kada ki riƙa dogon zance a ciki.” Na ɗauka batir yake tausayi.

Da farko komai ya tafi daidai. Bayan la'asar nakan taka turmi in hau katangar garken awaki, inda ya fi kamawa, sai in ji, “Gida, gida, Bello ne.” Inna ba ta taɓa taɓa shi ba. Kun san al'adarmu da ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido a gaban mutane ba. Sunansa a wurinta “wancan”. Sai dai duk la'asar, yankan kuɓewarta kan dawo gindin katangar. In na sauko ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Wancan ya ci wani abu?”

Sai ranar da ya ɗauki wasu iyalai zuwa kudu, wajen Sinja. Ya ce kwana ɗaya ko biyu. Ya wuce inda lasilkin ke kaiwa, bai dawo ba.

Na ci gaba da hawa katanga. In danna, in ce, “Yaya, gida ne,” in saki, in ji shuuu kamar ana zuba gero a kwano. Da farko iyakar abin da nake faɗa ke nan. Daga baya na ce a raina, wa ya sani ko yana jina, amsawa ce ba ta isowa? Sai na fara ba shi labari. Ni da ba na iya cewa “na'am” a aji, na zama mai surutu a kan katangar awaki. Na gaya masa kuɗin sukari ya tashi, akuyarmu ta haifi biyu ɗaya ya mutu, an ji ƙarar manyan bindigogi daga arewa. Na yi masa waƙoƙin makaranta da muryar nan tawa da ko awaki ba sa ɗago kai. Na yi kuka, hannuna na kan maɓalli.

Kuma don in sa shi dariya, na bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce Kawu Sanda, aminin Baba, ya sake shafa wa gemunsa lalle, amma ya manta gefen kunnen hagu, ya zama kamar akuyar da aka yi wa alama. Na ce Adamu mai kamun kifi ya fi wanke injinsa a kan jikinsa. (Kada ku tambaye ni sauran. Akwai maganar limami da yadda yake jan hanci kafin ruku'u.)

Inna ta daina cin abincin kirki. Ba ta tambayar kowa, don uwa ba ta yawon cigiyar ɗan fari a gari. Sai ta wanke rigarsa da ke wanke, ta shanya, ta sake ninkewa. Wata la'asar na sauko na same ta tsaye, babu kuɓewa a hannunta.

“Ke, abin ga. In an yi magana ciki, wa ka ji?”

“Shi kaɗai, Inna.”

“Kin tabbata?”

“Inna, ni na zaɓo shi fa. Lambarmu ce. Mai shagon ma ya yi mini bayani.”

Ta leƙa ƙofar gida, ta sa sakata. Ta gyara mayafinta kamar mai shirin salla. Na riƙe mata turmin ta taka, na ɗora babban yatsanta a kan maɓallin. Ta daɗe tana kallon abin.

“Bello,” ta ce.

Sunan ya fito a hankali, kamar tana tsoron ya fashe.

“Bello, ni ce. Uwarka. In kana jina, ka baro jirgin nan, ka baro komi, ka taho ko da ƙasa ne. Kai na fara ɗauka a bayana. Ban taɓa gaya ma ba, amma duk dare sai na ji ka shigo nike barci. Ka dawo, ɗana.”

Ta saki. Shuuu. Hawaye na bin kuncinta, ni ma nawa na zuba. Sai shuuun ya yanke, aka yi gyaran murya. Gyaran muryar tsoho, wadda na sani tun ina rarrafe.

“Salamu alaikum, Hajja. Sanda ne. Ki gafarce mu, ba da niyya muka ji ba.”

Inna ta dube ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallon ba, kuma ba na fatan in sake.

“Hajja, kina ji? Yanzun nan wani mai kwalekwale ya iso daga kudu. Ya ga yaron a bakin ruwa gaba da Sinja, da ransa da lafiyarsa. Injin ne ya mutu, hanya kuma ba ta biyuwa. Da ma bayan magariba nike shirin zuwa in shaida miki.”

Kafin in yi numfashi wata murya ta shigo: “Alhamdu lillahi! Allah shi dawo da shi, Hajja.” Sai wata. Sai wata kuma, da ƙarar inji a bayanta. Kogin gaba ɗaya ya cika hannun Inna da amin. Daga ƙarshe Adamu ya ce, “A gaya wa 'yar iza'a yau na yi wanka, har da sabulu.”

'Yar iza'a. Wato gidan rediyo. Ni ke nan.

Na karɓi lasilkin. Abin da kawai ya fito daga bakina shi ne, “Kawu... tun yaushe?”

“Tun ran farko, ɗiyata. Adamu ne ya yi tuntuɓe da ke yana murɗe-murɗe, ya gaya wa kowa. Muka ce kada wanda ya yi tari, kada ki daina. Babu waya, babu labari sai na mutuwa, ke ɗai ke ba mu dariya. Gemun kuma na gyara, ki zo ki duba.”

Da ƙasa na buɗewa don kunya, da yanzu akwai rijiya a garken awakinmu.

Inna ta sauko daga turmin ba tare da ta kama hannuna ba. Ta shige ɗaki. Na ji ta yi sujada tana godiya, na ji kukanta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta yi kwanaki ba ta leƙa waje ba, ko gaisuwar mutuwa a maƙwabta ba ta je ba. Matan masu kwalekwale suka riƙa zuwa yi mata barka, kowacce da ɗan murmushinta. Wata tsohuwa ma ta ce, “Ashe dai kin san sunansa.” Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, mace mai furfura, kamar yarinya. Ni na ja mata wannan, ni da karatun kwalina.

Ni kuwa hanyar bakin ruwa ta gagare ni. In na wuce sai in ji, “Iza'a, yau babu labarai?” Limami ya daina jan hanci, kuma duk garin ya san dalili.

Yaya Bello ya dawo da ƙafa, ya rame, ya bar kwalekwalen Baba a can. Har yau ba a ɗauko shi ba. Da ya yi sallama Inna tana tankaɗe. Hannunta ya tsaya cak, sannan ya ci gaba. Ba ta ɗago ba.

“Wancan ne? A ba shi ruwa.”

Kafin ya huta an riga an ba shi labari a bakin ruwa. Ya same ni a garke, ya zauna a kan turmin, yana juya nasa lasilkin da batirinsa ya daɗe da mutuwa.

“Da gaske ta faɗa? Sunana?”

“Sau biyu.”

“Yaya ta faɗe shi?”

Na gwada kwaikwaya, ban iya ba. Ya kalli ƙofar ɗakinta. Adamu ya ji, Kawu Sanda ya ji, har masuntan tsallake da ba su san mu ba sun ji. A duk faɗin kogin, mutum ɗaya ne bai ji ba, kuma ba na jin za ta sake.

Lasilkin yana nan rataye a ƙusa. Ba ya nutsewa, wannan kam na zaɓa daidai. Darasin da na koya kuwa ɗan ƙarami ne: in mai kaya ya ce miki “amma”, ki bar kallon silifas ɗinsa, ki ɗago kai ya ƙarasa.