Ranar da Aka Kusa Kira Mini Mai Goge

Laifin na waya ne. A cikinta na ga Nasara suna haye duwatsu da keke kamar awaki, sai na sayo irinsa ɗan gwanjo daga Yamai. Abin canza giyarsa ya mutu, don haka mai gyara a Filinge ya baje mini farantai masu haƙora, ya ce in zaɓi biyun da sarƙa za ta zauna a kai.

Na zaɓi ƙarami a gaba, ƙato a baya. Har bayani na yi wa mazauna rumfar mai gyaran, wai haka gwanayen hawan dutse suke yi. Na manta hanyar ƙauyen surukaina shimfiɗe take kamar tabarma.

Da na kama hanyar, ƙafafuna suka yi ta juyi kamar injin niƙa, keke kuwa yana rarrafe. Wata mata da tulu a ka ta jera da ni, muka gaisa har da tambayar gona, sannan ta ce, "Malam, yi haƙuri, sauri nike."

Na shiga ƙauyen jiƙe sharkaf, ido jajir, gwiwoyi na tashi sama. Kakar matata ta daɗe tana kallona. A gidansu ba a wasa da alamun iskoki.

"Kada kowa shi taɓa shi," ta ce a natse. "Ku kiro mai goge."

Da ƙyar na shawo kanta cewa keke ne, ba iskoki ba. Keken na sayar tuni. Amma har yau, da na yi sallama, ƙannen matata sai su ɗora kara a hannu su fara goga mini.