Ranar da Motata Ta Riga Ni Isa Kalgo

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, jim kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi, wadda har yau in ta faɗo mini a rai sai na yi istigfari, sannan na yi dariya ni kaɗai.

A lokacin ina da wata tsohuwar mota baƙa, doguwa, ƙirar Jamus, wadda na gada daga yayana, Allah Ya jiƙansa. Wani tsohon ɗalibina mai fatauci ta Kamba ya kawo mini kyautar wili huɗu da tayoyinsu, faffaɗa, masu walƙiya. Na sa ƙanena Sahabi, wanda ke tuƙa ni, ya gwada. Ramukan noti suka dace ɗaya bayan ɗaya. Sai na yanke hukunci cewa tunda ramuka sun yi daidai, wili ya zama wili. (Ni da nake karantar da ɗalibai cewa ƙiyasi ba ya inganta matuƙar akwai bambanci tsakanin asali da reshe!) Bambancin kuwa yana nan. Tsohon wili yana shigar da taya can ƙarƙashin jikin mota, sabon kuwa tura ta yake waje, har ta tsaya daidai bakin ƙarfen da ke lulluɓe da ita. Mun zaga cikin Gwandu mu biyu, mota ba kaya, ba mu ji komai ba. Har na ga ta ƙara kwarjini.

A waccan Juma'ar za a ɗaura auren wani ɗalibina a Kalgo, da zarar an sallame Juma'a. An riga an ɗage shi sau ɗaya daga ɓangarenmu, kuma dangin amarya sun aiko cewa in waliyyin ango bai halarta ba wannan karon, maganar ta mutu. Waliyyin shi ne Alhaji Modi, taubashina, mutum mai jiki wanda Allah Ya yi wa yalwa. Ni na ɗauki alkawarin kai shi.

Na bai wa malamina, Shehu, kujerar gaba, dattijo ne da ya haura tamanin. Ni da Modi muka zauna baya. Kafin mu fita gari wasu dattawa biyu na unguwa suka ɗaga hannu, kuma a wurinmu malami ba ya wuce dattijo da mota yana kallo. Muka matsa musu. A but kuma ga buhun goro da na dabino.

Tun kafin Ambursa na fara jin wani sauti daga ƙarƙashina duk lokacin da muka faɗa rami, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Na yi kamar ban ji ba. Bayan mun wuce Birnin Kebbi sautin ya daina ɗaukewa, wari kuma ya biyo baya.

"Malam, mi ka ƙuna haka?" in ji Modi. "Ko turaren zamani ne ka saya wa motar taka?"

"Ciyawa ake ƙonawa a gona," na ce. (Da damina. Allah Ya gafarta mini.)

Shehu bai juyo ba, sai dai na ga carbinsa ya ƙara sauri. Sahabi yana kallona ta madubi, ni kuma ina kallon rana. Da hayaƙi ya fara shigowa ta taga, Sahabi ya ce, "Yaya, wallahi tsayawa zan yi," ya gangara gefen hanya.

Na durƙusa na duba. Nauyinmu ya danne bayan motar, bakin ƙarfen ya sauka a kan tayar yana fere ta, har zare ya fara bayyana. Da mutanen baya suka fita sai motar ta ɗago, ƙarfen ya rabu da taya. Ba a bukatar dogon sharhi: sai an rage nauyi. Tsofaffin wilin kuwa suna zaurena a Gwandu, an jingine su.

To wa za a ce ya sauka? Mafi nauyi shi ne waliyyi, wanda dominsa ake tafiyar. Dattawan biyu sun girme ni. Kowa ya sunkuyar da kai, ga rana tana neman tsaka. Can sai Shehu ya buɗe ƙofa, ya sa sandarsa ƙasa, ya ce a hankali, "Ku tafi, ni zan jira a inuwar nan."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Na riƙe ƙofar na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba a yi haka ba ina raye." Na sa aka fito da buhunan biyu, na tsaya tare da su. Suka shiga, Sahabi ya ja a hankali, ina sauraro har suka ɓace. Ban ji ƙarar ba, amma ban sani ba ko tayar za ta kai su.

Motar da ta tsaya mini a-kori-kura ce ta 'yan kasuwar kifi. Gaba a cike take. Na hau baya da babbar rigata ta shadda, na zauna tsakanin kwandunan busasshen kifi, ina rungume da goro. Duk inda muka yi kwana ina leƙen ko zan ga baƙar mota a kife. Muna shiga gari na ji an sallame salla. Juma'a ta kuɓuce mini.

A ƙofar masallaci na hango motata, jama'a sun kewaye ta suna sha'awar tayoyinta. Na hango Modi yana washe baki, sai na san an ɗaura. Alhamdu lillahi. Na yi niyyar in sulale ta baya, amma ashe goro kawai ake jira, kuma taubashina ya riga ya raɗa wa sanƙira magana. Ina tsaka da saukowa, ƙafa ɗaya a sama, sai na ji murya ta cika fili:

"Jama'a a buɗe hanya! Ga mai baƙar mota nan ya iso! Malam ne na Gwandu, ya bar wa baƙi mota ya hau ta kifi!"

Mutane suka yi ta zuwa musabaha, kowa ya saki hannuna sai ya shinshina nasa a fakaice. Modi ya ce, "Malam, yanzu kam na gane turaren."

Mun kwana a Kalgo har aka kawo tsofaffin wilin. Abin da na koya shi ne, in zan gwada abu, in gwada shi da nauyin da zai ɗauka, domin motar malami a ƙasarmu ba ta taɓa tafiya da mutum biyu. Sababbin wilin kuwa, uwargida ta mai da su murhun gawayi. A kansu ake dafa mini shayi har yau, kuma tukunya ba ta taɓa yin ƙorafi ba.