Ranar da na kai kwamfuta ƙara

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ratsa unguwa da kwamfuta a ka kamar mai tallar fura. Shekarar ce muka baro Runka muka dawo Safana, gidan marigayi yayana, na ba wani malamin sakandare hayar ɗakin zaure. Malam Sanusi sunansa, mai koyar da kwamfuta. Yaro ne mai ladabi, amma ni ladabi bai taɓa hana ni sa ido a kan mutum ba. (Ko garin inji ba na ci sai na ga hatsin da idona, balle ɗan haya.)

Tun da safe ya tada ɗan janaretansa, a lokacin da fetur ya fi nama tsada. Na leƙa ta labule. Ga shi zaune ya naɗe hannu, ga allon kwamfuta baƙi wuluk, rubutu na gudu shi kaɗai. Da hantsi na sake leƙawa, rubutu na nan na gudu. Rana ta take, haka. Ni ban yi boko ba, amma na san rubutu sai da hannu. Kuma lokacin kowa a tsorace yake da infoma, masu kai wa 'yan daji labarin gari. Sai zuciyata ta ce, sunayenmu ne ake aikawa, gida gida.

Yana fita sallar azahar na shiga na kashe janareta. Batirin kwamfutar dama ya daɗe da mutuwa, allon ya yi ɗif. Na naɗe ta a zane, na aza a ka, sai ƙofar mai unguwa. Kafin in isa, yara da zaunannu sun biyo ni fal.

"Ranka ya daɗe, ga abin da ake sayar da mu da shi," na ce, da murya yadda na baya za su ji.

Sai ga Malam Sanusi a guje, takalmi ƙafa ɗaya, abokinsa Malam Kabiru na bayansa, wanda ya zo daga Batsari. Na gyara tsayuwa ina jiran rantse-rantse. Bai ko tanka maganar infoma ba, kalmar da kan sa a kashe mutum a wancan lokacin. Cewa ya yi, kamar zai yi kuka, "Inna, a ina rubutun ya tsaya? Ya kusa ƙarewa fa!"

Mai unguwa ya ce ya yi bayani da Hausar mutane. Malam ya ce ɗalibansa na da jarrabawar kwamfuta ran Litinin, kuma akwai manhajar da sai da ita za su yi. A intanet akwai wani rumbu da masu ƙirƙira ke zuba manhajojinsu kyauta. Wasu a dafe suke zuba ta, ka ɗauka ka yi aiki nan take. Wannan kuwa ɗanya aka zuba, dole kwamfutarka ta dafa da kanta. Rubutun da na gani girkin ne. Na kashe wuta, sai a sake daga fari, kuma man ya ƙare.

"Shi ya sa kullum nake cewa masu rumbun su kafa doka," in ji shi. "Kar a karɓi kayan kowa sai da dafaffe a gefe."

"Kai dai ragwanci," in ji Malam Kabiru. "Mutum ya ba ka aikinsa kyauta, kuma ka ce sai ya dafa wa kowace irin kwamfuta nata? Rabinsu gudu za su yi. Ɗanyen ma shi ne kake ganin abin da ke ciki."

"Yaushe ka taɓa karanta abin da ke ciki? Wanda ke da wuta dare da rana shi ke yabon ɗanye!"

Suka kaure da gardama, sun manta da ni. Ni kuwa ina tsaye da kaya a ka, wuya ya ƙage, ba halin saukewa ba halin tafiya. Wata daga baya ta ce, "Gwaggo, nawa-nawa furar?" Aka tuntsire da dariya. Da ƙasa za ta buɗe, da na gode mata.

Mai unguwa ya share hawayen dariya, ya fara sanar wa jama'a cewa Malam ba infoma ba ne, wanda ya sake faɗa zai gamu da shi. Sannan ya juyo kaina. "Gwaggo, tunda gadi kika iya, gobe ke za ki tsare tukunyar."

Maƙwabta suka haɗa masa mai. Lahadi tun safe aka zaunar da ni gaban baƙin allon da mafici, don kwamfutar zafi take ɗauka. Na yi fifita har kafaɗa ta sage. Kaza ta doso wayar wuta na kore ta, jikata ta doso na daka mata tsawa. Da janareta ya yi tari sai in hau salati. Bayan la'asar rubutun ya tsaya, Malam ya ce alhamdulillahi, ni kuma na ji kamar na karɓi haihuwa. Yara suka yi jarrabawarsu ran Litinin.

Har yau ba na cin garin inji. Amma duk ranar da Malam Kabiru ya zo daga Batsari ya fara yabon ɗanye, sai in miƙa masa maficin nan in ce, "Ungo, ɗana, yi yini ɗaya tukuna." Ni dai a kafa dokar dafaffen nan. Kuma yanzu in na ga abin da ban gane ba, tambaya nake fara yi kafin in naɗe shi a zane.