Wanda Ya Lotsa Ƙofar Fijo

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, jajiberin Babbar Sallah, mu uku ne tsaye a ƙofar gidana a Sharaɗa: ni, da maƙwabcina Malam Sule a matsayin shaida, da Alhaji Ɗanlami mai gareji a Bompai, wanda na taso takanas. Yaransa ne suka yi wa motata Fijo sabis, suka wanke ta, suka goge har tana ɗaukar ido. Da gari ya waye na tarar da ƙofar baya a lotse.

Ni mutum ne mai tsari, don haka na jero masa hujjojina. Na farko, lafiya ƙalau na kai ta. Na biyu, da magariba na ɗauko ta, ban duba ba saboda amana. Na uku, sabuwar ƙofa nake so, ba bugun guduma ba.

"Malam, wallahi yarana ba su taɓa ƙofar nan ba," in ji Alhaji.

"To aljani ne?" na ce.

Ban rufe baki ba, ragon layyana da ke ɗaure kusa da motar ya hango wani rago a jikin ƙofar gaba. Ya ja da baya iya tsawon igiyarsa, ya kai masa karo. Ita ma ta lotsa.

Malam Sule ya yi gyaran murya ya ce, "Na huɗu ke nan."

Daga baya na yi tunani: tun da na sayi motar, ba ta taɓa yin tsabtar da wani zai ga fuskarsa a jikinta ba.

Har yau tsofaffin abokan aikina na masaƙa, duk Sallah sai sun tambaye ni ko wanda ake ƙara ya biya. Mai karatu, in ka gamu da su, don Allah ka shaida musu an yanka shi tun washegari, a rufe shari'ar haka.