Hoton da Ya Ƙone Gonar Kawu

Tun da na sayo tsohuwar kyamarar nan mai fim, mai fitar da hoto dogo kamar tabarma, na daina ganin masu ɗauka da waya da gashi.

Kawu Bukar ya kira ni Kirikasamma in ɗauki shinkafarsa, dangi na Kano su gani. Ta yi kore shar, daga bakin kogi har iyakar ganin ido.

"Fim ɗin mai kala ne ko?" in ji shi.

"Haba Kawu, kala ai ta 'yan biki ce. Ƙwararru baƙi da fari suke ɗauka."

Ya juya ya nufi gona. Na ɗauka ilimina ne ya danne shi.

Da aka wanko hoton, ko nuna masa ban yi ba, na aika Kano. Shinkafa ta fito toka-toka, gajimare ya turnuƙe kamar hayaƙi.

Kwana biyu sai ga Goggo Falmata a ƙofar Kawu, da buhun gero, tana salati: "Bukar, ashe gobara aka yi? Allah ya mayar da alheri!"

Har yau, da zarar na ɗaga kyamara, sai Kawu ya kwaɗa ihu: "Jama'a, ku kawo ruwa!"