Alƙalin Awaki da Bunsurun Gwaggo Tani

A shekarar da aka samu mulkin kai, Allah ya yi wa garin Gazawa baiwa da Mushe Hayatu, wato Malam Hayatu a bakin 'yan boko, likitan dabbobi. Wata shida cur ya yi a Yamai yana karatu a lakol, makarantar boko, ya dawo da tabarau da littafi mai hoton kwaɗo. Kafin zuwansa, makiyaya sun yi shekaru aru-aru suna kiwo cikin duhun kai. Shi ya zo ya bayyana musu cewa saniya ba raƙumi ba ce. Suka yi godiya, suka sa masa suna Alƙalin Awaki.

"Kowace halitta da gidanta!" in ji shi ran kasuwa. "Jinsi shi ne waɗanda ke haihuwa da juna. Jar akuyar Maraɗi jinsi ce mai daraja. Baƙar akuya kuwa wata halitta ce daban, ko dangi ba su haɗa ba."

Sai takarda ta zo daga Maraɗi: a dandaƙe duk bunsurun da ba ja ba, kada ya ɓata iri. Aka jawo baƙin bunsurun Gwaggo Tani, wata tsohuwa wadda shi kaɗai ke hawan awakinta biyar.

"Ranka shi daɗe," ta ce, "in ba su haihuwa da juna, wane iri za shi ɓata?"

Alƙali ya gyara tabarau. In ya dandaƙe, ya ƙaryata bakinsa. In ya bari, ya ƙaryata takarda. Ya zaɓi bakinsa, don shi ya fi ƙauna. Har ya sa aka ɗaure bunsurun a garken buro, wato ofishinsa, tare da jar akuyar gwamnati, domin jahilai su gani da idonsu babu abin da zai faru.

Bayan wata biyar kumandan, mai mulkin yankin, ya zo duba tsantsar jan iri, da jandarma a bayansa. Alƙali ya yi jawabi mai tsawo, ya buɗe garke da kansa. Ga jar akuya tsaye tana shayar da tagwaye, baƙaƙe wuluk.

Kumandan ya tambayi ko wane jinsi ne wannan. Alƙali ya shiga buɗe littafi, gumi na ɗiga kan kwaɗo.

Gwaggo Tani ta kwance bunsurunta, ta rusuna.

"Ka yi haƙuri, Mushe. Bai shiga lakol ba."