Laso a Gindin Kwale-kwale

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na zama makanikin jirgi ba, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina saurayi, magini a Yargoje, ina neman auren Hanne ɗiyar Malam Barau mai fito. Shi ke tsallakar da 'yan kasuwa in rafi ya kawo, kuma bai yarda da ni ba ko kaɗan. Cewa yake bakina ya fi hannuna aiki.

Sai gindin kwale-kwalensa ya tsage, ya fara yoyo. Ya ce zai jira masassaƙin da ke cusa tsumma ya bi da kwalta. Na ga dama ta samu.

"Baba, mi za a jira? Lason da muke shafe gini da shi ke riƙe ruwan marina shekara da shekaru. Ɗan wannan tsagin zai gagare shi?"

Ya dube ni ya ce, "Marina ba ta tahiya, yaro."

Ban saurara ba. Na kwaɓa laso da katsi, wato dagwalon marina, da gashin akuya da yauƙin itacen dafara, na shafe gindin jirgin sumul, har mutane na zuwa kallo. (Har gobe ina nan kan bakana: ba a taɓa yin shafe mai kyan wannan ba a ƙasar Kankara.)

Ranar kasuwa na shiga gaban jirgin na harɗe, don a san mai aikin. Mun wuce tsakiya lafiya. Ashe itace in ya sha ruwa kumbura yake, laso kuwa ba ya miƙewa. Sai ji na yi ƙas, ya ɓamɓaro kamar ƙanzo, ruwa ya bulbulo, jirgi ya kife.

Na rungume akuyar wani, na rufe ido, na ɗaga murya: "Ku ce wa Hanne ta yafe mani! Ku ce da sonta na mutu!" A gaban ubanta fa, ni da ko sunanta ban isa in kama a gabansa ba.

Wata tsohuwa mai daddawa ta taɓa kafaɗata. "Ɗan nan, sakar wa mutane akuya ka miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya ƙugu, mun kusa gaɓa. Kowa na tsaye da kayansa a ka, ana kallona. Na so ƙasa ta tsage.

Malam Barau bai yi dariya ba. Ya matse hularsa ya ce, "Tunda ka shelanta wa kasuwa guda, wa kuma zai neme ta? Turo manyanka."

Masu cewa na yi abin kunya su yi ta faɗa, ni dai na sami mata, kuma laso bai yi laifi ba, jirgin ne ya ƙi zama wuri ɗaya. Abu guda na koya: kafin ka fara wasiyya da ƙarfi, miƙe ƙafa ka ji ko akwai ƙasa.